Yaro Mai Baiwa Da Hidimar Kirsimati

Karatu: Luka 2:41-52

 Ina gaida 'yan'uwa na nan Mai'adua da Kwangwalam, da na Daura da Zango da Sandamu, har da waɗanda muryarmu take iske su a ƙetaren iyaka, wajen Matamaye da Damagaram. Ina gajiyar kaka? Ga hunturu ya sauko, gero da dawa sun shiga rumbu, makarantu sun ba da hutu, 'yan makarantar kwana sun dawo da akwatunansu da wankinsu. Waɗansunku ma sun riga sun ɗaure kaya, za su gida, wani Malumfashi, wani Kafur, wani Kafanchan, wani Zuru. Ubangiji ya kai ku lafiya.

Maganata ta yau a kan wani irin yaro ce, wanda da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da ɗaya ko biyu. Kun san shi. Shi ne wanda ya iya karatu tun ba a sa shi makaranta ba, ana koya wa yayansa a kan tabarma, shi yana gefe yana wasa da ƙasa, ashe kunnensa yana wurin. Ita ce yarinyar da in an rera sabuwar waƙa sau ɗaya ta kama ta, kashegari tana gyara wa manya murya. Shi ne wanda ya kwance rediyon babansa don ya ga inda mai maganar yake zaune, ya kuma mayar da ita tana magana, ko da yake kusoshi biyu sun yi saura a hannunsa. Mukan ce Allah ya ba shi kai. Gaskiya ne. Amma iyayen da suke kwana da irin wannan yaro sun san abin da na waje ba su sani ba, watau kan da ya yi gaba bai tafi tare da zuciya ba. Ɗan shekara tara yakan yi maka magana kamar ɗan shekara goma sha biyar, an jima kaɗan ka same shi yana birgima a ƙasa don an ba ƙanensa cinyar kaza. A lokacin makaranta abin da sauƙi, gama akwai lokacin tashi, da na karatu, da na barci. Kirsimati kuwa takan rushe wannan duka. Gida ya cika da baƙi, uwa tana bakin murhu tun asuba, uba yana wajen neman akuya, ana kwana a majami'a wajen koyon waƙa. A nan ne ake yawan jin kukan yaron, da faɗan uba, a ranar da ya kamata a ji dariya.

Ku buɗe Bisharar Luka sura 2, ku karanta daga aya 41 zuwa ƙarshe in mun gama. Labarin idi ne. Shari'ar Musa ta umarci mazajen Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji sau uku a shekara, Idin Ƙetarewa kuwa yana cikin ukun. Yusufu da Maryamu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin wannan. Daga Nazarat ba kusa ba ne, kwatancinsa kamar mutum ya tashi daga nan ya nufi Kano a ƙasa. Ba a yin irin wannan tafiya ɗai-ɗai, sai a ayari, dangi da maƙwabta tare. A shekarar da Yesu yake da shekara goma sha biyu, da aka gama idi aka juyo, sai ya tsaya a baya. Iyayensa suka yi tafiyar yini guda cur suna zaton yana cikin ayarin. Da suka neme shi wurin dangi da abokan arziki ba su gan shi ba, suka koma. Sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali, yana zaune a tsakiyar malamai, yana jin abin da suke faɗa, yana kuma yi musu tambayoyi. Duk wanda ya ji shi ya yi mamaki. Uwarsa ta nuna masa irin tashin hankalin da suka sha, ya ba ta amsa a kan Ubansa na sama, ba su kuwa gane ba. Sa'an nan ya bi su zuwa Nazarat, yana yi musu biyayya.

Kafin in ci gaba, bari in ja kunne. Yaron nan da aka samu a Haikali Ɗan Allah ne, naka da nawa kuwa 'ya'yan Adamu ne, masu bukatar ceto kamar kowa. Kada wata uwa ta kashe rediyo ta ce fasto ya ce ɗanta kamar Yesu yake. Abin da nake so mu duba shi ne gidan, da idin, da yadda aka yi da yaron.

Yaya aka yi yini guda ya wuce ba wanda ya lura? Ba don rashin ƙauna ba ne. Yusufu yana tsammani yana wajen mata ko wajen yara, Maryamu tana tsammani yana wajen maza. Yaro ne mai hankali, wa zai damu? Haka nan ne har yau. Yaron da ya fi wayo shi ake fara mantawa da shi sa'ad da hidima ta yi yawa, domin ana ganin ya iya kula da kansa. Mai ƙiriniya kowa idonsa yana kansa. Mai littafi kuwa yana lungu shiru, sai a ce madalla, ɗaya ya ragu. A zamanin nan ma an sami hanya mai sauƙi, a miƙa masa waya a ce je ka can. Yana cikin gida, ana zuba masa abinci, amma kwana uku ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da yake ransa.

Abin da yake ransa kuwa yawanci tambaya ce. A Haikali an same shi yana ji, yana tambaya, malamai kuwa ba su kore shi ba. Mu a gidajenmu mukan ce matambayi ba ya ɓata, amma in ɗanmu ne matambayin, sai mu ce ya cika surutu, ko mu ce rashin kunya ce. Kirsimati kuwa cike take da abin tambaya ga yaron da yake karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Zai ce, Baba, a ina aka rubuta cewa ran 25 ga Disamba aka haifi Yesu? Kada ka daka masa tsawa, domin ba a rubuta ba. Matiyu da Luka ba su ba da rana ko wata ba. Shaida mafi tsufa da take hannu ta nuna ikilisiyar Roma tana kiyaye ran 25 ga Disamba a wajen shekara ta 336, shekara ɗari uku bayan tashin Ubangiji daga matattu. Har yau masu bi na Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke yin tasu, na Armeniya kuwa ran 6. Ranar tunawa ce ikilisiya ta keɓe, bangaskiyarmu kuwa ba a kan kwanan wata take tsaye ba, a kan cewa an haife shi take. In ka gaya wa yaro haka, ka ƙarfafa shi. In ka rantse masa cewa ranar ce, wata rana zai karanta gaskiyar a wani wuri, daga nan ya soma shakkar sauran abin da ka koya masa.

Zai kuma dawo daga koyon wasan kwaikwayo yana gunaguni, wai malamar Makarantar Lahadi ta sa masanan nan na gabas su uku, ta kuma kawo su wurin komin dabbobi tare da makiyaya. Zai ce shi bai ga haka ba. To, bai gani ba ɗin. Matiyu sura 2 ta ambaci kyautai iri uku, zinariya da lubban da mur, amma ba ta ƙidaya mutanen ba. Ta kuma ce a cikin gida suka sami yaron, Hirudus ma da ya tashi kisa sai ya sa iyaka a shekara biyu, bisa ga lokacin da ya ji daga bakinsu. Yaron yana da gaskiya. Abin da bai sani ba tukuna shi ne yadda ake riƙon gaskiya. Wannan aikinku ne, iyaye. Ku ce masa, ka karanta daidai, amma ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a, bari a tashi mu je tare ka nuna mata. Ku tuna da Afolos mutumin Iskandariya a Ayyukan Manzanni sura 18, gwanin magana, masanin Littattafai, amma saninsa da saura. Akila da matarsa ba su tsinka shi a majami'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa bayani. Haka za ku yi wa yaron in shi ya yi kuskure, haka kuma za ku koya masa ya yi wa waɗansu.

A wurin da muke zaune wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ran Kirsimati za ku aike shi da kwanon shinkafa da cincin gidan maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma ba sa manta mu da nama ran Babbar Salla. Yaro mai kaifin baki yana iya mai da ƙofar gidan mutane wurin muhawara, shi a ganinsa sani yake nunawa. Ku zaunar da shi tun kafin ranar. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida manya, ya miƙa kwano, ya karɓi godiya, ya dawo. Zaman lafiyar da aka yi shekaru ana ginawa a unguwa, bai kamata a ɗora ta a kan harshen ɗan shekara goma ba tare da an yi masa gargaɗi ba.

Akwai tambayoyin da suka fi waɗannan nauyi, waɗanda sukan zo da dare sa'ad da uwa ta gaji liƙis. Don me Allah ya gargaɗi Yusufu ya gudu da Yesu Masar, bai gargaɗi sauran iyayen Baitalami ba? Don me muke cin nama har da saura, ga almajiri a ƙofa yana rawar sanyi? Irin waɗannan yara sukan ji zafin rashin adalci tun suna ƙanana, har ya hana su barci. Ta biyun tana da amsa, amsar kuwa tana cikin tukunya: zuba masa ya kai, ka bar shi ya ba da tsohuwar rigar sanyinsa in yana so. Ta farkon kuwa, mu da muka zauna a makarantar tauhidi ma da rawar jiki muke taɓa ta. Ba laifi uba ya ce wa ɗansa, wannan ta fi ƙarfina, ni ma nakan yi tunaninta, mu je wurin fasto bayan sujada. Yaron ba zai raina ka don wannan ba. Ga wata dabara kuma da na ga tana aiki a gidaje da dama. A saya masa ɗan littafin rubutu, a ce duk tambayar da ta zo maka muna cikin hidima, rubuta ta a nan, bayan tuwon dare ni da kai za mu duba. Amma fa in kun yi alkawarin, ku cika, gama irinsu ba sa mantuwa.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Jama'ar Haikali sun yi mamakin yaron, amma Maryamu ba ta ce a ƙara kwana biyu don sauran mutanen Urushalima su ji ɗanta ba. Ta ɗauke shi suka koma gida, ta ajiye al'amarin a zuciyarta. Mu fa? Baƙi sun zo, an shimfiɗa tabarma, an kawo lemo, sai a ƙwala wa yaro kira. Zo ka gaida kawunka da Turanci. Karanta mana Zabura 23 da ka. Bakwai sau goma sha uku nawa? Ɗauko takardar sakamakonka a gani. Baƙi su tafa, su ce likitanmu ke nan, a ba shi naira ɗari biyu. Wasu baƙin su zo da la'asar, a sake. Kafin mako ya ƙare yaro ya zama kamar birin 'yan wasa a kasuwa. Wani yaron yakan ƙi, ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai uba ya ji kunya, baƙi suna fita ya sa masa bulala. Wani kuwa abin yakan yi masa daɗi, wannan ma ya fi ba ni tsoro, domin ya soma koyo ke nan cewa darajarsa a gidan ubansa ita ce tafin baƙi.

Sarki Hezekiya ya yi irin wannan da dukiyarsa. Da ya warke daga ciwo, manzanni suka zo daga Babila gaishe shi, murna ta ɗebe shi, ya zaga da su taskokinsa, bai rage kome ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani a gidansa, sa'an nan ya gaya masa cewa wata rana za a kwashe duka zuwa Babila. Yana cikin Ishaya sura 39. Ba maganar kambun baka nake yi ba, kada a juya mini magana. Mai bi ba ya ɗaura wa ɗansa laya, ba ya kuma hana shi cin abincin gwaggonsa a ƙauye don tsoron kada a ɗauke masa ƙwaƙwalwa. Wanda ya ba da baiwar ya isa ya tsare ta. Abin da nake nufi shi ne girman kai na iyaye, wanda yake sa a buɗe abin da Allah ya ba mu amana a gaban kowa, don a yabe mu.

Masu bincike ma sun ga ɓarnar da irin wannan yabo yake yi. A shekara ta 1998 waɗansu masana biyu a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da 'yan aji biyar na firamare. An ba yara aiki, da suka gama aka yaba wa waɗansu cewa su masu kai ne, waɗansu kuwa aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka ba su zaɓi, yawancin na farkon suka zaɓi aiki mai sauƙi, don kada su kasa a ce ashe ba su da kai. Da aka ba su mai wuya, su ne suka fi saurin karaya, da yawa cikinsu ma suka yi ƙarya a kan makin da suka ci. Na ga irin wannan da idona a wata ikilisiya da na yi hidima. Yarinya ce da ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba, kowace Kirsimati sai an zaga da takardarta gida gida. Wata shekara ta zo ta huɗu. Ta ce wa iyayenta ba a ba da sakamako ba tukuna, ta cusa takardar a cikin matashin kai. Kirsimatin nan duka ciwon ciki ta yi, ba ta ci ba, ba ta rera waƙa ba, aka yi ta sayen magani. Sai ran jajiberin sabuwar shekara ta faɗa wa malamarta ta Makarantar Lahadi tana kuka, wai ta san babanta ba zai ƙara sonta ba. Mutumin kuwa yana sonta kamar ransa. Bai taɓa gaya mata haka ba ne sai a ranar da ta kawo na ɗaya.

Kakanninmu suna da kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, balle su yabe shi a gaban mutane. Akwai hikima a ciki, ko da yake wani lokaci takan wuce gona da iri, har yaro ya girma bai taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin ubansa ba. Mu kuma mun tsallaka ɗaya gefen, muna yabo a waje, a ɗaka kuwa shiru. Ni a ganina a juya abin. A gaban baƙi ya gaishe su, ya kawo ruwa, ya tafi wasansa. A ɗaka, kai da shi, ka ce na ga yadda ka dage a kan lissafin nan, na ji daɗi. Ka kuma nemi ranar da bai kawo kome ba, ka dafa kansa ka sa masa albarka. In wani kawu ya soma cewa kai ne za ka fid da gidan nan daga talauci, ka tare maganar da wasa, ka ce a bar shi ya gama firamare tukuna. Kayan da ya fi ƙarfin jaki ba a ɗora wa ɗan akuya.

Kada kuma ku manta akwai waɗansu idanu a bakin ƙofa sa'ad da ake wannan tafi. 'Yan'uwansa ne. Yakubu ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman shi kaɗai, Yusufu kuma, da yake yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, bai iya riƙe mafarkinsa a ciki ba. Kun san inda abin ya kai, rijiya da fatake da riga jina-jina, da tsoho yana makoki shekara da shekaru. Farawa sura 37 ke nan. Allah ya juya abin ya zama ceto, amma wannan alherin Allah ne, ba wayon Yakubu ba. In za a ɗinka kayan Kirsimati, a ɗinka wa kowa daidai ƙarfin aljihu. Kada takalmi ya zama ladan na ɗaya, wanda ya zo na ashirin kuwa a ce ya sa tsohon na yayansa. Ba ku san abin da Allah ya ajiye a cikin na ashirin ɗin ba. A shekara ta 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman, ya gwada 'yan makaranta a jihar Kalifoniya, ya ware kimanin 1,500 da suka fi kowa, aka bi rayuwarsu har tsufa. Da yawa sun zama manyan mutane, amma ba ko ɗaya da ya sami kyautar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka ce ba su kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka same ta a fannin kimiyya, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. Ga kuma baiwar da ba ta shiga takardar jarrabawa ko kaɗan. A Fitowa sura 31, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin alfarwa, Bezalel ne, maƙeri, masassaƙi, mai aikin hannu.

Ubangiji kansa, bayan abin da ya faru a Haikali, ya koma Nazarat ya yi wajen shekara goma sha takwas ba a ji labarinsa ba, har mutanen garinsu suka san shi da sunan masassaƙi. Don haka kada ku ɗauke wa yaro mai kai aikin gida, wai yana karatu. Ya ɗebo ruwa, ya share tsakar gida, ya riƙe ƙafar akuya in ana fiɗa. Aikin hannu yana kwantar da kan da ba ya hutawa, yana kuma haɗa shi da 'yan'uwansa. Amma a raba aikin da gaskiya. Sau da yawa in baiwar a kan 'ya mace ta sauka, hutun nan duka a bakin murhu da wanke-wanke yake ƙarewa, yayanta namiji yana ƙarƙashin darbejiya da littafi, 'yan'uwa kuma suna yi mata barkwancin aure tana 'yar shekara goma sha uku. Zumuntar Mata, wannan magana taku ce, ku ne a wurin.

Kansa ma a ba shi abin taunawa, ba lalle sai da kuɗi ba. Kasuwar Mai'adua tana ci ran Lahadi. Bayan an tashi sujada, ka riƙe hannunsa ku bi ta kara, ya ga raƙuma da shanun da suka ƙetaro daga Nijar, ya ji yadda dillalai suke ciniki, ka bar shi ya lissafa maka sefa nawa take zama naira nawa. Ka ba shi kuɗin cefanen Kirsimati ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In kun je Daura, ku biya ta rijiyar Kusugu. In ya tambaye ka don me mutanen Matamaye suke Hausa kamar mu amma makarantarsu da Faransanci, ka gaya masa Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a farkon ƙarni na 20, sa'an nan ka kai shi wurin wani tsoho ya ji sauran. In ƙauye kuka tafi, ka sa shi ya zauna da kakarsa ya rubuta sunayen kakanni, da yadda bishara ta fara shiga gidanku. Tsofaffin nan suna tafiya da labarinsu, ba mai rubutawa.

Wani yaron kuma hayaniya ce ba ya iya ɗauka, ganga da lasifika da abin fashewar nan da yara suke jefawa. In kun ga ya toshe kunne ko ya soma fushi ba dalili, ba iskoki ba ne, ba taurin kai ba ne, gajiya ce. A bar shi ya shiga ɗaka ya huta, a kuma gaya masa tun da safe inda za a je da wanda zai zo. Daren shiga sabuwar shekara, in barci ya ɗauke shi a kan benci, a lulluɓe shi da zane a ƙyale shi.

Saura maganar kuɗi, wadda ba a son ji a watan nan. Janairu tana bayan ƙofa, da kuɗin makaranta, da na littattafai, da na rajistar jarrabawa ga waɗanda suke ajin ƙarshe. Na san gidajen da aka yi anko kala biyu a Disamba, yaron da ya fi kowa a ajinsu kuwa ya zauna gida har Fabrairu. Ku ware na makaranta tukuna, abin da ya saura a yi idi da shi. Ku kuma riƙa sa kunne ga sanarwa. Gwamnatin tarayya tana da makarantar yara masu baiwa a Suleja tun 1990, hukumar NECO ce take shirya jarrabawar shigarta. Gwamnatin jihar nan ma ta sa hannu a gina makarantu na musamman guda uku domin haziƙan yara, a Radda da Jikamshi da Dumurkul, ta Dumurkul ɗin kuwa ita ce ta shiyyarmu ta Daura. Sau da yawa ɗan talaka ba faɗuwa yake yi ba, labarin ne bai kai gidansu ba sai an rufe. Malaman makaranta da ma'aikatan da suke cikin ikilisiyoyinmu, ku ne kuke ganin takardun nan da fari, ku kawo wa dattawa a yi sanarwa ran Lahadi. Dattawa kuma, sa'ad da kuke ƙidaya baikon godiya na ƙarshen shekara, ku tuna da ɗan gwauruwar nan da yake zama a bencin gaba yana amsa kowace tambaya. Ku tambayi uwarsa a asirce ko an biya masa na zango mai zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka kiyaye waɗanda za su hau hanya a makon nan cikin ƙura da hazo. Ka ta'azantar da yaron da ya dawo da sakamakon da yake jin tsoron nunawa. Ka ba gwauraye da marayu abin biyan makaranta. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, a wannan gefen iyaka da wancan. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.